Sunaye Uku da Ban Taɓa Faɗa Ba

Saude, Isiya, ku da 'ya'yanku nake yi wa wannan bayani. Na ji abin da ake faɗa, wai na watsar da gidan babanku da gonarsa don Uwani ta shiga makarantar Turawa. Ba ku nan aka yi abin. Ke Saude kina ɗakin mijinki a Sabuwa, kai Isiya kana Zariya wajen koyon walda. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mini, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Shekarar da nake nufi ita ce ta biyu bayan an harbe babanku a gonar fadama. Kafin rasuwarsa da shekara ɗaya 'yan bindiga sun ɗauke ni, wannan kun sani. Kwana goma sha tara na yi a daji. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne tambayar da suke yi mini. Guda ɗaya ce, safe da yamma, wani mai tabo a leɓe ke yin ta. Ya ce an gaya musu ina da ɗa a ƙasar waje. Na ce ba ni da shi. Ya sake tambaya, na sake cewa ba ni da shi. A kan wannan amsar aka kashe mini kunnen hagu da gindin bindiga. Da na amsa, da ba su sake ni ba, kuma da sun dawo sun kwashe sauran gidan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kai musu maganar ɗan gari ne, don baƙo ba zai san ta ba. Har yau ban san ko wane ne ba. Na dai san mutum ne da muke gaisawa da shi.

Yayanku babba kuwa yana can Malesiya yana koyar da lissafi a jami'a. A ƙauye mun ce yana Legas yana gadi. Mata har jaje suke yi mini, wai duk karatun nan ya ƙare a bakin get. Ina karɓar jajen, in ce haka Allah ya so. Ƙaryar ba ta yi mini nauyi ba, domin dama shi ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa kallon idonsa a gaban mutane ba. Ana yaye shi Inna, uwar babanku, ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Duk wanda ya tambaye ni shi, sai in ce ɗan Inna ne. Haka uwata ta yi da nata ɗan farin, haka na taras. Ita ma Uwani ba sunanta ke nan ba. Sunan Inna aka mayar mata, sunan suruka kuwa ba ya fita daga bakin matar ɗa. Na babanku ma shekara talatin da huɗu muna tare ban faɗe shi ba ko sau ɗaya. Malam nake ce masa.

Uwani tana gonar ranar da aka harbe shi, ita ta kai masa fura. Tun daga ranar ba ta koma daidai ba. Tana jin ƙarar mashin sai ta ɓace, sai an bi gida ana nema, a same ta ƙarƙashin gado ko bayan rumbu ta jiƙa zane. Shekararta goma sha ɗaya. Makarantar garin ta daɗe a rufe, malamai sun daina zuwa. Amma bangon ɗakina duk lissafi ne da gawayi, babu wanda ya sa ta. A farkon damina na hau tudun bayan gari, inda sabis ke kamawa, na kira yayanku kamar yadda na saba duk wata.

Ya ce, “Iya, ki ba ni Uwani.”

Na ce, “In ba ka ita ka kai ta ina?”

“Akwai makaranta kusa da gidana. Irin ta Ingila ce. Wurin aikina sun yarda su ɗauki nauyinta in ni ke riƙon ta.”

“Ingila za ta ke nan?”

“A'a, nan inda nake. Tsarin karatun ne na Ingila.”

Ban gane ba. Na tambaye shi abu ɗaya, ko ana shiga garin da bindiga. Ya ce ba a shiga. Na ce na ba shi.

Na ɗauka shi ke nan, sai a sa ta a jirgi. Ashe makarantar ba a shigar ta da baki. Suna son takardar haihuwa, da katin rigakafi, da sakamakon jarrabawar makarantarta ta baya, da wasiƙa daga hedimasta, da fasfo. Baba Sule, ƙanin babanku, shi ya yi wannan yawon duka, kuma bai gaya wa ko matarsa ba. Hedimasta ya gudu Funtuwa, sai da ya bi shi can. Da aka haɗa takardun sai ga matsala. Ta haihuwa ɗauke take da sunan yanka da sunan uba, ta makaranta kuwa an rubuta Uwani Sheme, don haka malamai ke yi, su liƙa wa yaro sunan gari. Makarantar ta ce waɗannan yara biyu ne. Sai da aka je kotu aka yi rantsuwa cewa mutum ɗaya ce. Bayan nan aka yi mata jarrabawa a kwamfuta, a shagon Malam Nura da ke Ƙanƙara, mai buga takardu da cajin waya. Wata mata tana kallon ta daga can ta cikin na'urar, ga agogo a gefe yana cin lokaci. Lissafi ta cinye. Turanci ta faɗi warwas. Suka ce ba komai, za su mayar da ita aji ɗaya baya su haɗa ta da malamar Turanci. Amma kujera ɗaya ta rage a ajin, kuma akwai yara a layi suna jira. Saura abu guda. Tunda yarinyar ba a hannun uwa ko uba za ta zauna ba, ƙa'idarsu sai sun ga uwar, sun ji daga bakinta.

Muka ce wa mutanen gari asibiti za ni a duba mini kunne. Na fito da hijabi ɗaya da zane biyu. Baba Sule ya hau mashin ɗinsa, ni da Uwani muka hau na Tanimu, ɗan acaban garinmu, mutum mai mata biyu da yawan fara'a. Dawa ta fi mutum tsayi a lokacin, hagu da dama ba ka ganin komai sai ganye. Daga Sheme muka nufi Ƙanƙara. Duk inda hanya ta lanƙwasa sai in leƙa gaba in ga ko an tare ta. Uwani ta rufe ido, ta kama rigata ta baya, har muka isa ba ta saki ba. Muka kwana gidan wata 'yar Baba Sule da ke aure a can, domin an ce ƙarfe takwas na safe za a kira. Wai lokacin da muke karyawa su can la'asar ta kusa.

Shagon Malam Nura na kwano ne, jikinsa ɗaya da rumfar mai shayi. Ranar kasuwa ce, mutane na shiga da fita da wayoyi. Malam Nura ya juya fuskar kwamfutar ta kalli bango, ya zaunar da ni a gabanta, ya ƙure murya saboda kunnena. Duk wanda ya tambaya, Baba Sule sai ya ce masu tallafa wa marayu ne. Mutum uku suka fito a ciki, kowa a ɗan akwatinsa. Akwai Baturiya mai gilashi, ita ce matar makarantar. Akwai wata budurwa da ɗan mayafi, tafinta, Hausarta ta birni ce. Na ukun yayanku ne. An ce masa kada ya yi magana. Shekara shida ban gan shi ba. Na kau da kai. Baturiyar ta ga na kau da kai, ta rubuta wani abu.

Aka gaisa. Tafinta ta ce, “Mama, tana tambaya, mene ne sunan yarinyar?”

Na ce, “Uwani.”

“Na gaskiya, Mama. Wanda ke cikin takarda.”

“To ai yana cikin takardar. Ta karanta mana.”

Ta juya maganar. Baturiyar ta ɗan yi murmushi, ta sake wata tambayar.

“Sunan mahaifinta fa?”

“Malam.”

“Malam wa?”

Baba Sule yana tsaye a bayana, ƙanin mijina, ga mutane a bakin ƙofa. Tafinta ta jira, ta gaji, ta faɗa wa matar wani abu. Murmushin ya tafi.

“Mama, wannan mutumin da kike gani a cikin kwamfuta, mene ne tsakaninku? Ɗanki ne?”

Daidai nan na ji muryar Tanimu a ƙofa yana cewa, “Malam Nura, halan wayata ba ta cika ba?” Ya shigo ya jingina da teburin caji, bai fi taku uku daga inda nake ba. Kunnena da ya mutu ya ɗauki ƙara. Na ji warin hayaƙin ɗanyen icce, irin na dajin nan. Ban ga Baturiya ba, mai tabo a leɓe na gani. Bakina ya ba da amsar da ya saba.

“Ba ɗana ba ne. Ɗan Inna ne.”

Tafinta ta dube ni, sannan ta juya maganar yadda na faɗe ta. Yayanku ya runtse ido. Matar ta rufe littafinta, ta yi godiya, akwatunan suka ɓace.

Bayan azahar yayanku ya kira wayar Malam Nura, aka kawo mini har gidan da muka sauka. Na shiga ɗaki na tura ƙofa.

Ya ce, “Iya, ni na gane. Su ne ba su gane ba. A wurinsu uwar da ba ta faɗi sunan ɗiyarta ba, ba ta faɗi na mijinta ba, kuma ta ce ba ta haifi wanda zai ɗauki yarinyar ba, to ba uwar ba ce. Suna zaton sace Uwani ake so a yi.”

Na ce, “Mu za su koya wa satar mutane?”

“Aikinsu suke yi, Iya. Na rubuta musu bayanin al'adarmu. Tafintar ma ta ce ta taɓa jin haka wurin kakarta. Sun yarda su sake kira, nan da kwana uku. Sau ɗaya tak. In ba a daidaita ba, wanda ke bin ta a layi za a ba kujerar.”

“Mi suke so in ce?”

“Sunanta. Sunan Baba. Sunana, da cewa ke kika haife ni. Da sunan ƙasar da za ta.”

“Da ƙarfi?”

“Yadda za su ji.”

Na nemi a kai ni wani garin a yi kiran, inda ba a san mu ba. Aka ce an tare hanya jiya, direbobi sun ajiye motoci sai an ga yadda hali ya yi. Wayar gidan da muke ba ta ɗaukar hoto mai motsi, a garin kuma shagon Malam Nura ne aka riga aka ba makarantar, shi suka sani. Ni kuma tun da kunnena ya mutu ban iya magana a hankali ba. Ina ganin raɗa nake yi, ashe maƙwabta na ji.

Baba Sule ya same ni a zaure da yamma. Yana murza hularsa ya fara magana.

“Iyan Saude, mu koma gida. 'Ya'yan kowa a nan suke, Allah ke tsaron su. In kika faɗi wannan magana a shagon nan, kafin azahar an ji ta a Sheme, kafin magariba an ji ta a daji.”

Na ce, “Na sani.”

“Kin sani. To ke da kika sha duka kwana goma sha tara kika riƙe ta, yanzu don Baturiya ta tambaya sai ki saki?”

“Waccan tambayar in na amsa mutum nake rasawa. Wannan in na ƙi amsawa nake rasa shi.”

“Sunan Yaya fa? Da na Inna? A bakinki, a gabana, a kasuwa?”

“Sai ka toshe kunne, Malam Sule. Ni ɗaya gare ni, ban mutu ba.”

Bai yi dariya ba. Ni ma ba wasa nake ba. Gaskiyar ita ce lokacin ban yanke komai ba, baki kawai nake yi. Kwana biyun nan ban ci abin kirki ba. Ina zaune ina tuna abin da na baro. Geron da na shuka da hannuna ya fara fitar da kai. Tumaki huɗu. Rumbu da sauran dawar bara. Kabarin babanku, da na Inna, da na yara biyu da na binne kafin a haifi Isiya. Na san in na buɗe baki ba zan sake kwana a wannan gida ba. Na kuma san ba ni kaɗai za a nema ba, duk mai jini ɗaya da yayanku ya zama abin farauta. Na zagaya bayan gida, wajen turken awaki, na gwada faɗin sunayen ko zan iya. Na buɗe baki, harshe ya ƙi. Akuya na kallona, na ji kunyar akuya.

Rana ta biyu da hantsi wani mashin ya wuce ta ƙofar gida, salansarsa ta buga kamar harbi. Mai kai ƙanƙarar sanyi ne kawai. Aka nemi Uwani aka rasa. Muka duba ɗakuna, muka duba banɗaki. A cikin akurkin kaji na same ta, ta cusa kanta ta ƙofar da ko ɗan shekara biyar ba zai shiga ba, ta ciji bayan hannunta har jini. Sai da aka fasa akurkin aka fito da ita. Ina wanke mata kashin kaji a kai, ba ta kuka, ba ta komai.

Ta ce, “Iya, in ba ki iya faɗa ba ki bari. Na saba.”

Ɗiyar shekara goma sha ɗaya. Na ci gaba da zuba mata ruwa. Da na gama na ce ta faɗi sunanta in ji. Ta faɗa. Na ce ta sake, a hankali. Ta rarraba mini shi kamar yadda ake wa ɗan aji ɗaya, ina bin ta a zuci.

Ranar kiran muka isa shagon da sauran lokaci. Bencin mai shayi cike yake, mutum ya kai goma, bayansu jingine da kwanon shagon. Tanimu na cikinsu, ya zo mayar da mu gida kamar yadda aka yi da shi. Ya ɗaga mini kofi ya ce, “Iya, ya kunnen? A kawo shayi?” Na ce na gode. Malam Nura mutumin kirki ne, ya gane abin da ake ciki ba tare da an gaya masa ba. Ya sallami masu caji, ya rufe ƙofa, ya jawo janareta kusa da bango ya tayar, don ƙararta ta rufe maganata. Akwatunan suka fito. Tafinta ta fara magana. Ina ganin bakinta na motsi, ba na jin komai sai janareta. Malam Nura ya ƙure murya, a banza. Ya sa mini abin ji a kunnen dama, na ji ta, amma su ba sa jin nawa, sai ruri. Baturiyar ta nuna kunnenta ta girgiza kai. Ta dubi agogon hannunta. Ta sake duba shi. Uwani na gefena, hannunta ɗaure da tsumma.

Na ce, “Malam Nura, kashe shi.”

Ya ce, “Hajiya, mutane na nan fa.”

“Kashe shi.”

Ya fita ya kashe. Wurin ya yi tsit, har ina jin cokalin mai shayi yana kaɗa kofi ta bayan kwano. Ban jira a tambaye ni ba, don na san in na jira ba zan iya ba.

“Wannan yarinya sunanta Hadizatu. Ni na haife ta. Ubanta Iliyasu, an kashe shi a gona. Wancan da kuke gani Lawal ne. Ɗana ne, shi na fara haihuwa. Yana Malesiya. Na ba shi ita, ya tafi da ita can.”

Cokalin ya tsaya. Baba Sule ya rufe fuska da hula, ya juya ya ba ni baya. Tafinta ta juya maganar, matar na rubutu. Sannan ta ɗago ta yi wata tambaya.

“Mama, tana so ta sani, me ya sa ranar nan kika ce ba ɗanki ba ne?”

Na ɗage hijabi na juya musu kunnen hagu, inda ƙashin ya lotsa.

“Ki gaya mata wanda ya yi mini wannan tambaya kafin ita, ga abin da ya bar mini. Kuma ki gaya mata masu kai masa labari suna iya zama a bayan bangon nan yanzu. In za ta ɗauki yarinya ta ɗauka.”

Muryar tafinta ta karye a tsakiyar fassarar. Ni ban yi kuka ba. Baturiyar ta cire gilashi, ta yi magana mai tsawo, aka ce tana ba ni haƙuri, kuma za su aiko da amsa a rubuce cikin mako guda. Ba ta ce an ɗauka ba. Kafin hoton ya ɗauke na kalli yayanku sosai, ido cikin ido, karo na farko tun yana jariri. Ashe har ya yi furfura a gemu.

Muna fitowa benci ya zuba mana ido. Tanimu ne ya fara motsawa. Ya ajiye kofi, ya taso yana murmushi.

“Iya, ashe gadin Legas har Malesiya ya kai? To Allah ya sanya albarka. Mu kama hanya?”

Na duba fuskarsa. Murmushin da ya saba ne. Ban ga komai a ciki ba, kuma rashin ganin ya fi tsorata ni. Ban ce shi ne ba, ban ce ba shi ba ne, mutum goma ne a bencin. Na ce masa likita ya ce in ƙara kwana biyu. Ya ce to, ya hau mashin ya tafi.

Na kwance makullin ɗakina daga bakin zane na miƙa wa Baba Sule. Na ce ya kwashe iyalinsa yau yau ya kai su Faskari, kada ya tsaya wa tumaki, kada ya tsaya wa gero. Ya karɓi makullin bai dube ni ba. Da aka buɗe hanya washegari ni da Uwani muka shiga motar Malumfashi, daga can muka wuce Kano, gidan iyayen matar yayanku. A can muka zauna jiran amsa. Kwana takwas, kullum ina sauraren waya, ban san wace za ta riga zuwa ba, ta makaranta ko ta gida.

Ta makaranta ce ta riga. Sun ɗauke ta. Ta gida ta biyo baya da kwana biyu. Baba Sule ya kai iyalinsa Faskari kamar yadda na ce, amma ya koma shi kaɗai. Ya ce ba zai bar geron yayansa tsuntsaye su cinye ba. A gidanmu mutanen daji suka same shi. Tsohuwa mai ɗa a waje suka tambaya, da ɗiyarta. Ya ce bai san inda muke ba, alhali ya san Kano muka nufa. Suka ƙone ɗakunan da rumbun, suka kora tumakin, suka karya masa hannun dama a wuri biyu, suka bar shi a tsakar gida suna zaton ya mutu.

Na bar Uwani a Kano ana neman biza, na tafi Funtuwa asibitin da aka kwantar da shi. Matarsa na ganina ta tashi ta fita, ba ta amsa sallamata ba. Ban ga laifinta ba. Yana kwance, fuskar a kumbure, ido ɗaya ne ke buɗewa. Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na ce masa sannu.

Ya ce, “Ta samu kujerar?”

Na ce, “Ta samu.”

Ya juyar da kai wajen bango. Na ɗauka ya gama magana da ni ke nan har abada. Can ya ce, “To kada ta dawo. Ko gawata aka ce mata, kada ta dawo.”

Hannun bai sake riƙe fartanya ba. Ya ƙare rayuwarsa a ɗakin haya a Faskari, yana tsaron awon hatsi na wani a kasuwa. Bara ya rasu, kuna wurin jana'izar. Uwani ta kira ni tana kuka, ta ce an yi hutu, yayanta ya yarda, za ta taho ta yi gaisuwa ko ta kwana biyu ce. Kun ce na cika taurin zuciya da na hana ta. Na hana ta.